Ba pikir ne aikin ba

Ran nan bayan isha muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, wani maƙwabcina da ya girme ni ya iso ransa a ɓace, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba ya ce mini, "Likita, ku mutanenku dai sai a hankali. Na kai yarinyata CSI, asibitin unguwa, tana tari jiki zafi rau, matar nan ta ɗaga mata riga ta zuba wa ƙirjinta ido tana kallon agogo kamar mai jiran shan ruwa da azumi, ta soki yatsa, ƙarshenta ƙwaya ta rubuto mana. Ba pikir ba serom. Wannan aiki ne?" Na ce Yaya watanta nawa, ya ce takwas. Na ce ka ga abin da ta rubuta a karne? Ya ce hamsin da wani abu ya gani. Na ce to ka gode wa Allah, ka faɗa hannun wadda ta san aikinta.

Ni ba likita ba ne, infirmiye ne, amma kun san a Damagaram duk wanda ya sa farar riga likita ne, har asibitin ma likita muke ce masa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa, har da wasu daga cikinmu masu farar rigar, sun ɗauka aikin infirmiye shi ne ya soka allura ya rataya serom ya naɗe ciwo da bandi. Alhali waɗannan duk mai hannu za ka iya koya masa cikin ƴan makonni. Ilimin aikin yana wurin da ɗan jinya bai cika gani ba, wato kallo da ƙirge da rubutawa, da sanin me ƙirgen yake nufi, da sanin lokacin da za ka tashi tsaye ka ce wannan ya fi ƙarfin nan a tafi da shi gaba.

Mu fara da agogon da ya ɓata wa Yaya rai. Idan sanyin haƙarƙari ya kama yaro, huhunsa ne ke cika da ruwa da mugunya, iska ba ta shiga jini yadda ya kamata, sai jiki ya rama da saurin numfashi. A ƙauye ba radiyo da za a ɗauki hoton ƙirji, ko a cikin gari ma ba kowa za a yi wa ba, shi ya sa OMS, hukumar lafiya ta duniya, da UNICEF tun tsakiyar shekarun 1990 suka fito da tsarin da muke kira PCIME, wanda ya ba infirmiye adadi ya riƙe a kai. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 a minti ko sama da haka ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa 5, 40. Kuma dole minti guda cif za a ƙirga, don numfashin jarirai ba ya tafiya daidai, ya yi sauri ya ɗan tsaya ya sake ɗauka, in ka ƙirga sakan 15 ka ninka huɗu za ka yi wa kanka ƙarya. Sai kuma yaron yana kwance lafiya lau a cinyar uwa, ba yana tsala ihu ba, shi ya sa mai hankali yake ƙirga numfashi kafin ya kusanto da termometir ko abin sukar yatsa. Yarinyar Yaya wata 8, hamsin da wani abu, tana shan nono, ba ta shiɗe ba. Maganinta amoksisilin mai narkewa a ruwa safe da yamma, a cika kwanakin da aka rubuta. Pikir ba abin da zai ƙara mata sai zafi da hatsarin ƙurji a ɗuwawu, ko ma a taɓa jijiyar ƙafa yaro ya tashi yana ɗingishi, kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya ga irin waɗannan yaran.

Da a ce ta ƙi nono gaba ɗaya, ko duk abin da ta sha sai ta amayar, ko ta yi jijjiga, ko ta yi laƙwas ba ta ko buɗe ido, to labari ya canza, nan take za a yi mata allurar farko a rubuta takardar tura ta gaba. Kallo ɗaya ne ya raba hanyoyin nan biyu.

Wannan kallon ne kuma yake jawo mana zagi a layi. Mace ta zo tun asuba ta kama layi, wata ta iso da hantsi a kan kabu-kabu da yaro a kafaɗa, infirmiye ya leƙo ya ce ke shigo. Sai ka ji ana sanayya ce, ƴar uwarsa ce. Ba zan ce ba a sanayya ba, ana yi, na gani da idona kuma abin kunya ne. Amma akwai wani abu da ake koya mana, TETU, wato tantance yara tun daga bakin ƙofa, kuma ƙa'idarsa ita ce layin asibiti ba layin famfo ba ne da wanda ya riga ajiye bokiti shi ke fara ɗiba. Ka bi layi kana duban fuskoki, ka taɓa hannu ka ji ko ya yi sanyi, ka danna farce ka saki, in ya wuce sakan 3 jini bai dawo ba ga bugun jijiya yana sauri ba ƙarfi, wannan yaron minti goma na iya raba shi da duniya. Mu yaron da ke ihu yana harbin iska bai cika tsorata mu ba, yana da ƙarfin ihun. Wanda ya yi shiru a bayan uwarsa kai ya langaɓe, shi ne ke tada mana hankali, kuma sau da yawa uwar tana zaune can ƙarshen benci da kunya ba za ta yi magana ba, tana jin barci yake.

Daga Yuli zuwa Oktoba kuwa kowa ya san halin da ake ciki, palu ne ko'ina, a Magaria da Matameye da Mirriya gado ɗaya sai ya ɗauki yara biyu ko uku. Tun 2013 aka fara rabon maganin riga-kafi na damina, CPS, ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, wata-wata, kuma ya taimaka ƙwarai, amma har yanzu malka na yi ɗakuna na cika. TDR, gwajin palu na nan take, ya sauƙaƙa mana, ɗigon jini a jira minti 15 zuwa 20 a ga layi ɗaya ko biyu. Sai dai a nan ne kuma ake gane wanda ya karanci aikin da wanda ya haddace shi kawai. Layi biyu ba ya nufin an gama bincike. Yaro na iya shan magani ya warke TDR ya ci gaba da nuna layi biyu har makonni, kuma da damina yara da yawa suna yawo da ƙwayar palu a jini alhali wani abu daban ne ya kwantar da su. To in ka ga layi biyu ka rufe ido ka rubuta Coartem, ƙwayar palu, wa zai lanƙwasa wuyan yaron ya ji ko ya sanƙare, wa zai shafa maɗigar jariri ya ji ko ta kumbura? Mu da muke tsakiyar yankin sanƙarau, da muka ga yadda ya ɓarke a jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, bai kamata a tuna mana wannan ba. Wa zai buɗe tafin hannu ya ga ya yi fari fat ya san jini ne ya ƙare, ƙarin jini ake bukata yau ba gobe ba? Yaron da ya shiɗe kuma abu na farko a auna sukarinsa, don palu mai tsanani yana cinye sukarin jini, kuma na sha ganin yaron da aka fara yi wa salati ya buɗe ido bayan an tura masa ruwan sukari ta jijiya.

Shi kansa maganin palu mai tsananin, artesunat, da lissafi yake tafiya. Miligram 2.4 a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba miligram 3, ke nan sai an ɗora shi a sikeli, ba a kintata da ido. Ana yi nan take, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. In an yi na farko ƙarfe biyu na rana, na biyu ya faɗo ƙarfe biyu na dare, lokacin da likita ya daɗe da tafiya gida, ƴan jinya sun baje a tabarmi, ƙila ma ba kuran sai fitilar salula. Likita ya rubuta daidai, farmasi ta bada daidai, amma in mai gardi, infirmiyen da ke aikin dare, bai tashi ƙarfe biyun nan ba duk aikin banza ne. Zamanin kinin ma abin ya fi haka wuya, a cikin serom ake sa shi ya ɗiga awa huɗu, kana tsaye kana ƙirga ɗigo, mililita 500 a awa 4 ya kama ɗigo wajen 42 a minti, ya yi sauri ya taɓa zuciya, ga shi yana ƙara kada sukari.

Tunda maganar serom ta zo bari in tsaya a nan, don nan ne na fi son a fahimce ni.

Mutanenmu suna son ƙarin ruwa. Mutum ya gaji ya ce a sa masa serom, tsohuwa ta yi kwana biyu ba ta cin tuwo ƴaƴa su ce a ƙara mata ruwa, in ka ƙi a ce ka raina su ko kana jiran a ba ka wani abu. To akwai yaron da serom ke kashewa, shi ne mai tamowa mai tsanani. Yaron da yunwa da ciwo suka cinye, ba naman hannu da cinya kaɗai ya rasa ba, zuciyar ma nama ce, ta ƙanƙance ta yi rauni, ƙoda ba ta iya fitar da ruwa da gishiri yadda ta saba, hanta ba ta da ajiyar sukari, jikin ba ya iya ɗumama kansa. Ga shi kuma a ido kamar wanda ruwa ya ƙare wa, ido ya faɗa, ka ja fatar ciki ta tsaya ba ta koma ba, alhali rashin kitse ne ya sa haka. Wanda bai sani ba sai ya rataya serom ya buɗe, cikin awa ɗaya ruwa ya fi ƙarfin zuciya ya taru a huhu, yaro ya fara haki, a ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa. Shi ya sa a CRENI, ɗakin jinyar masu tamowa, ba a sa wa irin wannan yaro ruwa ta jijiya sai in ya kai ga suma da sanyin hannu, shi ma a hankali ana tsaye a kansa. In zawo yake, akwai ruwansa na musamman, ReSoMal, mai ƙarancin gishiri, mililita 5 a kowane kilo duk rabin awa a awa biyun farko, da cokali ko ta sondi a hanci. Madarar farko ma F-75 ce, mai sauƙi, kaɗan-kaɗan duk awa 2 ko 3 dare da rana, ba don ya yi ƙiba ba, don jikin ya tuna yadda ake aiki. Ko maganin ƙarin jini mai ƙarfe ba a ba shi a kwanakin farko duk da jinin ya yi ƙasa. Sai ya fara neman abinci da kansa a wuce madarar F-100 mai ƙarfi ko Plumpy'Nut, abincin nan na gyaɗa. Uwa tana gani ana auna wa ɗanta madara a ɗan kofi tana jin rowa ake yi, in ba a zaunar da ita an yi mata bayani ba da dare za ta ɗura masa fura.

Kuma duk tsawon lokacin nan ana ƙirga numfashi da bugun zuciya ana rubutawa, don alamar ruwa ya fara yawa ita ce numfashi ya ƙaru da 5 a minti bugun zuciya ma ya hau. Ya ƙaru a kan me? A kan wanda aka rubuta ɗazu. Adadi ɗaya shi kaɗai ba ya magana, sai an jera shi da ɗan uwansa. Numfashi 44 ba komai ba ne in ɗazu 46 ne, amma in ɗazu 36 ne to a tsaida ruwa yanzu. Wannan ne amfanin fish, takardar awon da ke rataye a gindin gado, kuma wannan ne ya sa nake ganin babu cin amanar da ta kai mutum ya zauna a tebur da asuba ya cika fish da zafin jiki 37, 37, 37 bai taɓa yaro ko ɗaya ba. Wanda ya karɓi gardi zai karanta ya yarda, likita zai karanta ya yanke hukunci a kan ƙarya.

Akwai wani dare da ba na mantawa, cikin hunturu, irin sanyin nan na Janairu da iska ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da ƙura. Wajen ƙarfe uku ina zagayen awo na iso gadon wani yaro mai tamowa, shekararsa ɗaya da ƴan watanni, yana kwance shiru, uwar ta yi barci a zaune ta jingina da bango, zanen da ta rufe shi ya jiƙe da fitsari. Ba kuka ba haki, in ka wuce ta gabansa sai ka ce shi ne ya fi kowa lafiya a ɗakin. Na sa termometir a hammata bai kai 35 ba. Madarar tsakar dare na nan a kofi rabi bai sha ba. Na tada uwar na ce Inna yi haƙuri tashi, muka cire jiƙaƙƙen zane, ta kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata muka lulluɓe su da bargo har kansa, na ba shi ruwan sukari ta sondi sannan madara, na dinga dawowa duk rabin awa ina aunawa. Kafin kiran assalatu ya haura 36 ya fara motsi yana ƙananan kuka. Ba wani magani mai tsada da ya shiga jikinsa daren nan. Da na bar awon ƙarfe uku zuwa shida, da safe sai dai a ce Allah ya yi masa cikawa cikin barci.

Wani zai ce to in aikin ilimi ne haka, me ya sa ake masa kallon yaron likita? Wannan yana da tarihi. Jinya dai ta daɗe, mu musulmi muna da Rufaida al-Aslamiyya wadda ta kafa tanti a masallacin Annabi (SAW) a Madina tana kula da masu rauni, har da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta aka ce a kwantar da shi. Ita kuma Florence Nightingale ta Ingila da muke tunawa duk 12 ga Mayu, ranar haihuwarta, mutane sun fi saninta da yawo da fitila cikin dare, amma ni abin da ya fi burge ni da ita lissafi ne. Ta tafi da mata 38 asibitin soja a Turkiyya a 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, da ta dawo ta zauna da alƙaluman mamata ta nuna wa hukuma cewa yawancin sojojin ba harsashi ya kashe su ba, zawo ne da kwalara da taifot, wato ƙazanta da cunkoso da ruwa marar kyau. A 1860 ta buɗe lakkol ɗin koyon jinya a Landan. Da ƙirge da rubutu aikin ya zama sana'a mai ilimi.

Mu namu ya zo ta wata ƙofa daban. Faransa ta kafa tsarin kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankin nan a 1905, ta buɗe lakkol ɗin likitanci a Dakar a 1918 don horar da mataimaka da ungozomomi, Damagaram kuma ita ce babban birnin ƙasa har 1926 da aka maida Yamai. Infirmiyen wancan zamani an ɗauke shi ne ya zama hannun likitan nasara da bakinsa, ya yi tafinta, ya wanke ciwo, ya jera mutane a yi lamba, ya soka allura. A ganina tun daga nan ne allura ta sami wannan girman a idon mutanenmu, don ita ce abin da suka ga bature ya zo da shi wanda boka da wanzami ba su da shi, infirmiye kuma ya zama mai allura. Amma da yake likitoci ba su taɓa isa ba, ko kafin ƴancin kai ko bayansa, sai ya zama infirmiyen nan shi kaɗai ne a dispansar ɗin ƙauye, shi zai duba shi zai gano ciwo shi zai rubuta magani shi zai karɓi haihuwa in ta zo da dare. Irin su marigayi Damure Zika, wanda duniya ta sani ta fim amma a Yamai infirmiye ne, har lakkol ɗin koyon aikin lafiya ta can, ENSP, take ɗauke da sunansa, mu ma ga tamu ENSP a nan Zinder da ta yaye ma'aikatan da ke riƙe da CSI daga Tanut har Dungas. Sai sunan ya tsaya a mataimaki, nauyin kuma ya zama na mai yanke hukunci. Zamanin Tandja aka gina ɗakunan shan magani na ƙauyuka da yawa, a 2006 kuma aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne, abu mai kyau wallahi, mata suka fito da yaran da da ake ɓoyewa a ɗaki saboda rashin kuɗi. Sai dai kuɗin da ya kamata gwamnati ta dinga maida wa CSI ya dinga jinkiri, magani ya yanke, mutane suka ƙaru ma'aikata ba su ƙaru daidai da su ba. Mutum ɗaya da layin mutum ɗari a gabansa, minti gudan nan na ƙirga numfashi shi ne abu na farko da yake sadaukarwa.

A nan ne maganar majo, shugaban infirmiyoyi, ta shigo. Mutane suna ganin majo shi ne mai ofis da makulli da tambari. Majo na kirki shi ne wanda ya san tun watan Mayu cewa palu na tafe ya lissafa TDR da artesunat nawa zai ci kafin ruwa ya yanke hanya, wanda yake duba firjin riga-kafi safe da yamma ya tabbatar yana tsakanin digiri 2 da 8, wanda yake zama da ƴan COGES, kwamitin gari mai kula da kuɗin asibiti, a san ina kuɗin man ambilans zai fito kafin a bukace shi. Shi ke tsara gardi yadda ba za a bar sabon yaro shi kaɗai a daren kasuwa ba. Kuma shi ke hana a miƙa gardi a bakin ƙofa da "ba matsala, kowa lafiya", ya ce a'a, a bi gado-gado, wannan allurarsa ƙarfe nawa, wancan bai yi fitsari ba tun azahar. Ɗauki mai ciki da tansiyonta ya kai 160 a kan 110 ta fara taune-taune, an sa mata sulfat na magneziyom. Maganin yana ceton rai amma in ya taru a jiki yana tsaida numfashi, don haka kafin kowace allura sai an duba numfashi bai gaza 16 a minti ba, an buga gwiwa ƙafa ta harba, fitsari yana fita aƙalla mililita 30 a awa. In mai fita bai gaya wa mai shiga ba, wa zai san jakar fitsarin nan tun yaushe take haka? Haka mai jego da ke zubar da jini, an yi oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta matse, amma sai wani ya dawo ya shafa mara ya ji mahaifa ta dunƙule, ya ɗaga zane ya duba, don mace na iya tsiyayewa shiru tana cewa sanyi kawai take ji.

Abu mafi wuya da majo zai gina shi ne ƙaramin ma'aikaci ya iya buɗe baki. Mu an tashe mu da kunyar manya, kuma abu ne mai kyau, amma in ƴar staj ta ga an rubuta wa yaro mai kilo 8 adadin mai kilo 18 ta yi shiru don kar a ce ta yi rashin kunya, yaron ne zai biya. Inda majo ke tsawa in an yi masa tambaya, kurakurai ba sa raguwa, ɓoye su kawai ake yi.

Tsawar nan kuwa ba a kan ƙananan ma'aikata ta tsaya ba, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna yi wa mata tsawa. "Sai yanzu kika kawo shi? Me kika ba shi?" da murya sama a gaban mutane. Ban da rashin kyautawa, wannan ɓarna ce ga binciken kansa, don rabin gano ciwo daga bakin uwa yake fitowa. Matar da aka kunyata ba za ta ce an kai shi wurin wanzami an cire masa belu shekaranjiya ba, alhali jinin da ya zuba da ƙin shan nonon daga nan suka taso. Ba za ta ce an ba shi jiƙo ko an sayi ƙwaya wurin mai tebur ba. Za ta ce jiya-jiya ya fara, kai kuma ka gina hukuncinka a kan haka. Kuma sau nawa jinkirin ma ba laifinta ba ne, maigida na Libiya ko Aljeriya ko ya tafi cin rani, sai an jira izinin uwar miji, sai an sami amalanke. Uwar nan ita ce ke tare da yaro awa 24, ita ta san fitsari nawa ya yi, ita za ta fara jin jikinsa ya canza. A Mirriya ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu don gane tamowa da ma'aunin nan mai kala uku, ja in bai kai milimita 115 ba, aka ga suna iyawa sarai, matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, har abin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. In za ta iya wannan, za ta iya gane haƙarƙari na shiga ciki in ka nuna mata sau ɗaya da mutunci.

Abin da ya rage da ke hana ni barci shi ne masu tasowa. Lakkol-lakkol na kuɗi na koyon aikin lafiya sun yi yawa, yara suna fitowa da diplom, wasunsu masu ƙoƙari ne sosai, amma wurin staj bai ƙaru ba, sai ka ga ɗalibai sun yi wa gado ɗaya rumfa kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Suna gamawa kuma ba aiki, su shekara suna benebol ba albashi, mutum na tunanin kuɗin kabu-kabun komawa gida ina zai sami natsuwar tsayawa minti guda a kan ƙirjin yaro. Duk ɗan staj da ya zo hannuna abin da yake ɗoki shi ne a ba shi sirinji ko a bar shi ya nemi jijiya, don shi ne abin da za a gani a ce ya iya. Ni kuwa satin farko ba na ba shi. Ina haɗa shi da yara goma, ya ƙirga numfashinsu da bugun zuciya ya rubuta, in bi bayansa in sake ƙirgawa mu gwada, in ya sha bamban da nawa mu koma tare. Wasu suna jin haushi, wata ma ta taɓa ce mini Majo ni ba ni da agogo. Na ce ciro salularki, akwai abin ƙirga sakan a ciki, ta ciro, muka koma gado na farko.